Ranar Ashirin da Biyar

Ranar ashirin da biyar ga wata
ni ke zama da takardar albashi.
Injin casar shinkafa na ruri a bayana,
fanka na kai zafin Arkilla daga kusurwa zuwa kusurwa,
ni kuwa ina jera sunaye,
kowa da kuɗinsa a gabansa
kamar raguna a Kara.

Mai rabon nama ba a ɓoye masa tsoka.
Na san na direba, na san na mai gadi,
na san na Modi.

Modi, da ya zo da takardunsa cikin leda,
bai san layin da ake shigar da bashi ba.
Wata bakwai ina riƙe da hannunsa.
Ni na koya masa cizon ƙwaya
a gane shanshera ta bushe ko da ruwa a cikinta.
Yau ofishinsa na bene, da labule, da sanyi,
in zan shiga sai na yi sallama sau biyu.

Tsakanin layinsa da nawa
yatsa ɗaya ne a takarda.
A kasuwa buhu biyu ne duk wata.
Na taɓa lissafawa, daren da aka ɗauke wuta:
shekara goma sha ɗaya, buhu bisa buhu,
sai ga fili a Dambuwa, da katanga,
da ɗaki biyu da ban taɓa kwana ciki ba.

Na hau bene na tambaya.
Alhaji Marafa ya zare tabarau, ya ce,
"Hassatu, shi fa magidanci ne, da bakuna a bayansa."
Na ƙirga nawa a zuci:
Inna a Gwadabawa da maganin hawan jininta,
marayun yayana uku, nawa biyu,
da Malam, tun da ƙafa ta ƙi shi.
Ashe tuwon da mace ta sayi hatsinsa
daga sama yake faɗowa.

Ya ce, "Kuma ku kuna tafiya haihuwa."
Sau biyu na tafi.
Sau biyun har ɗaki aka biyo ni da littafi,
ruwan wankan jego bai huce ba.

Kujera dai ba a ofis ake raba ta ba.
Gindin dogon yaro ne, bayan la'asar,
inda ƙaramin kofin shayi ke zagayawa
ana cewa wane ya isa, wane a ƙara masa.
Lokacin ina bisa kabu-kabu,
da cefane a cinya.

Bara na ce kar a sayi shinkafar can, da ruwa.
Maganata ta gaji a matakala.
Tirela uku ta yi funfuna a sito.
Da aka zo raba asara
aka yanke wa kowa daidai wa daida.
Ranar ce kaɗai ni da Modi muka zo ɗaya.

Sikelin bakin ƙofa
ana zuwa a duba shi, a buga masa hatimi,
kar a ci manomi ko da tiya guda.
Wannan da ke hannuna
ban ga wanda ya zo dubawa ba.

Ɗazu Luba ta leƙo,
yarinyar da za a gwada gobe,
gyalenta duk ƙaiƙayi.
Ta ce, "Anti, in sun tambaya, nawa zan ce?
Ko in ce duk abin da Allah ya hore?"

Abin da na ce ke nan, shekara goma sha ɗaya baya.
Na ɗauka kunya ce.
Ashe farashi na sa wa kaina, da bakina.

Na yagi gefen takarda,
na rubuta abin da Modi ya fara da shi,
na auna shi da kuɗin buhu na yau.
Na ce, "Faɗi wannan, ki yi shiru.
Kar ki yi murmushi, kar ki dubi ƙasa.
Bar shirun ya yi musu nauyi."

Ta ƙulle takardar a bakin gyale ta fita.
Na koma kan jerin sunaye.
Lissafi ya cika, ko kwabo bai ɓata ba.
Na sa hannu a ƙasa,
inda aka rubuta: an duba, daidai ne.